Jaririya a Cikin Lilon da Babu Shi: Yadda Hoto Ɗaya Ya Ci Zama Biyu

Hoton da matar ta turo mini ta waya, tun cikinta yana wata takwas, na wata jaririya ce tana barci cikin farin ƙyalle da aka ɗaure a reshen bishiya kamar lilo. Ƙarƙashinta babu komai sai iska, can nesa ganyaye sun dusashe cikin hasken la'asar. Ni mai ɗaukar hoton jarirai ce, ta rubuta cewa irin wannan take so in Allah ya sauke ta lafiya, ba ƙari ba ragi. Kwana biyu bayan ta haihu na kira don mu tsayar da rana, sai maigidanta ya ɗauki wayar. Cikin fara'a ya ce kada in damu da batun reshe, ya riga ya gano wani mai ƙwari, igiya ma yana da ita.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka mayar da igiyarka inda ka ɗauko ta. Jaririyar da ke cikin wancan hoton ba ta taɓa barin ƙasa ba."

Ya yi jim, sannan ya ce, "To Malama, ƙarya ce ke nan?"

Tambayar ba ta wofi ba ce, kuma zan dawo kanta. Amma abin da ya sa nake rubuta wannan aikin dalla-dalla shi ne kuskuren da ya biyo baya, wanda nawa ne ni kaɗai. Shi ya jawo aka sake tayar da jaririya 'yar kwana goma sha uku saboda hoto guda, a kan abin da duban minti biyar zai iya hanawa.

Inda lilon yake

Abin da masu sana'a ke kira bakgirawun na dijital hoto ne da wani mai hoto ya riga ya ɗauka babu mutum a ciki. Shi ne ya ɗaure ƙyallen a reshe da gaske, ya kwantar da 'yar tsana mai nauyi a ciki don ƙyallen ya lotsa kamar an sa jariri, ya daidaita haskensa, ya ɗauka, ya goge 'yar tsanar, ya sayar da fayil ɗin. Wanda ya saya sai ya ɗauki nasa jaririn a kan katifa a ƙasa, ya yanko shi a kwamfuta, ya kwantar da shi cikin gurbin. Akwai na kwando, akwai na sheƙar tsuntsu, akwai na gajimare, har da na jinjirin wata, inda ake ɗora jinjiri a kan jinjiri.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1857 Oscar Rejlander, ɗan asalin Suwidin da ke aiki a Ingila, ya harhaɗa hoto guda daga ɗauka daban-daban sama da 30, aikin da ya ci masa makonni. A wancan ƙarnin ne kuma, da yake kyamara tana buƙatar mutum ya yi tsit na tsawon daƙiƙoƙi, masu hoto a Ingila da Amurka suka riƙa lulluɓe uwa da labule ko bargo ta koma kamar kujera, a ɗora mata jaririnta ta riƙe. Wanda ya duba tsofaffin hotunan da kyau yakan ga yatsu sun leƙo ta gefe. Mu ma abin da muke yi ke nan, sai dai ba ma lulluɓe uwar, hannunta muke gogewa. Photoshop, manhajar gyaran hoto a kwamfuta, ya fito a 1990, a 1994 aka ƙara masa tsarin leya, wato a jera hotuna wani a kan wani, a iya taɓa kowanne shi kaɗai ba tare da an ɓata sauran ba. Duk aikin haɗi na yau a kan wannan yake tsaye.

Dalilin da ba a rataye jariri da gaske yana cikin halittar jikinsa. Kan sabon haihuwa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, wuyan kuwa bai yi ƙwarin ɗaukarsa ba. In aka sa shi cikin ƙyalle mai lotsawa, jikin zai naɗe, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar iska ta matse, kuma ba lallai ne ya yi kuka ba. Ga kuma zaburar nan da likitan yara Ernst Moro ya bayyana a 1918: ƙara kaɗan, ko jin kamar za a sake shi, sai jariri ya watsa hannuwa ya banƙare baya lokaci guda. Takan ɓace wajen wata huɗu zuwa shida. Kafin nan, jaririn da ake ganin ya yi nisa a barci yana iya yin ta cikin ƙiftawar ido, kuma ƙulli komai ƙwarinsa ba ya hana ƙyalle juyawa.

Zama na farko

Sun zo tana da kwana takwas. Makonni biyun farko su ne lokacin irin wannan hoto, domin barci yana da nauyi, jiki kuma bai manta naɗewar da ya saba da ita a ciki ba. Na ɗumama ɗakin zuwa digiri 27 a ma'aunin Salshiyas, zafin da manya ke gumi a cikinsa amma jariri marar kaya yake jin daɗi. Na cire zobe da agogo, ba turare, na wanke hannu na ɗumama shi. Mai jegon ta shayar da ita har ta saki nono da kanta, na kunna na'urar da ke yin shuuu ɗin nan mai kama da abin da jariri ke ji a mahaifa. Cibiyar ba ta faɗi ba tukuna, don haka duk juyin da za a yi sai an kula kada ƙyalle ya goge ta. Mataimakiyata tana durƙushe a gefe, aikinta ɗaya tak: hannunta ya kasance a jikin yarinyar ko tazarar yatsa daga gare ta, idonta a kan numfashi.

Da na duba hotunan farko a allo na ga fatarta da fararen idonta sun ɗan yi rawaya. Shawara ce, wadda ke kama kusan jarirai shida cikin goma da aka haifa a kan kari a makonsu na farko. Cire rawayar a kwamfuta ba ya cin minti ɗaya, shi ya sa nake ganin wajibi ne mai hoto ya faɗa da baki kafin ya goge. Na tambayi uwar ko likita ya gani. Ta ce an gwada jiya, an ce tana sauka. Sai muka ci gaba.

Awa uku muka yi, amma in aka tara lokacin da kyamara take aiki bai wuce minti ashirin ba. Sauran duk shayarwa ne, da canjin nafkin, da lallashi, da jira.

Kuskuren kuwa tun daren jiya na tafka shi. Na sayi bakgirawun ɗin a gurguje, na kalle shi a fuskar waya, na ga ya yi kama da wanda ta turo, na kwanta. Da na shiga ɗakin hoto sai hannuna ya yi abin da ya saba: jaririya a kan katifa, taga a hannun dama, bargo mai ruwan toka da nake ƙauna, ni kuma a tsaye na sunkuya ina ɗauka daga sama da gilashin kyamara mai milimita 35, kusa da ita sosai. Hotunan sun yi kyau, har yau ina alfahari da su. Sai dai ba don lilon aka ɗauke su ba.

Dare biyu a gaban kwamfuta

Da na buɗe bakgirawun ɗin a babban allo na ɗora yarinyar a kai, saɓani huɗu suka bayyana, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Hasken lilon daga hagu yake zuwa, nawa daga dama. Wannan mai sauƙi ne, ana juya hoto kamar a madubi. Abin lura kawai shi ne bakgirawun ake juyawa, ba jariri ba. Babu fuskar da ɓarinta biyu suke daidai, wannan yarinyar ma tana da ɗan tabon haihuwa a kumatun hagu. Uwa ta shafe kwana takwas tana kallon wannan fuskar dare da rana, in aka mayar da tabon dama za ta ji wani abu ya sauya ko da ba ta iya faɗin mene ne ba.

Launi ma ya gyaru. Hasken tagata fari ne irin na tsakar rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelbin, na lilon kuwa ja-ja ne irin na yamma. Da yake a tsarin RAW na ɗauka, wanda ke ajiye bayanan launi masu yawa fiye da JPEG, ja da sikeli ɗaya ya isa. Na uku, bargon ruwan tokan, ya fi ba ni wahala, domin ya watsa launinsa a ƙasan kumatu da gefen hannu, wuraren da ya kamata su ɗauki farin ƙyallen lilo. Shi ma da haƙuri da buroshi ana iya rage shi.

Na huɗun ne ba shi da magani. Wanda ya ɗauki lilon ya sauke kyamararsa daidai tsayin ƙyallen, ana ganin bakinsa na gaba, ba a ganin cikinsa. Ni kuwa daga sama na ɗauki yarinyar, ana ganin kafaɗunta biyu, da tsakar kanta, da gwiwoyinta duka. Kusancin da na yi ya kuma ƙara wa kan girma a kan sauran jiki, domin abin da ya fi kusa da kyamara shi ke kumbura. Kyamara biyu ke nan a wuri biyu, ana so su ba da labari ɗaya. Na matse ta, na karkata ta, na ja nan na tura can, duk gyaran gangar Abzinawa: in kafaɗa ta zauna sai kunne ya miƙe, in kunne ya dawo sai ƙafa ta gajarce.

A dare na biyu na buɗe kayan aikin nan na ƙirƙirarriyar basira da aka sa wa Photoshop a 2023, wanda ke zana abin da babu in aka nuna masa gurbi. Na san zai iya zana mini gefen kai da kafaɗa daga kusurwar da nake so. Na kuma san kunnen da zai zana ba nata ba ne, na wani jariri ne da ba a haifa ba. A ra'ayina a yi amfani da shi a ƙara tsawon reshe ko a cike ganye, babu laifi. Amma a jikin yaron mutane, a'a. Sun kawo 'yarsu ne don a ajiye musu yadda take a kwana takwas.

Da safe na nuna wa mataimakiyata mafi kyawun abin da na iya haɗawa, ban ce mata komai ba. Ta kalla na ɗan lokaci, ta ce, "Anti, kamar za ta zubo." Ba ta san batun kusurwar kyamara ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Na kira mai jegon na gaya mata gaskiya, cewa laifin nawa ne. Na ba ta zaɓi biyu. Ko dai mu sauya zuwa bakgirawun na kwando wanda aka ɗauka daga sama, wanda hotunan da ke hannu za su zauna a cikinsa daram, ko kuma in zo gidansu da kayana mu sake ɗauka ɗaya tak, ba tare da ta ƙara komai ba. Ni na fi son na farkon, domin ba wanda za a tayar daga barci. Ta ce lilon take so, shi ta yi wata guda tana kallo. Na amince bisa sharaɗin in yarinyar ta ƙi, za mu haƙura mu koma kwando.

Karanta bakgirawun kafin a taɓa jariri

Tun ran gini tun ran zane. Wannan karon na yini ina karanta fayil ɗin kamar wasiƙa. Inuwar igiya a kan ƙyalle ta faɗi dama kuma ƙasa kaɗan, ke nan hasken yana hagu, sama da tsayin lilon. Bakin inuwar a dusashe yake, ke nan hasken mai faɗi ne, domin gwargwadon girman fitila da kusancinta, gwargwadon taushin inuwarta. Bayanan da kyamara ke binnewa cikin fayil ba a goge su ba, sun nuna gilashi mai milimita 50 da buɗewar ido mai faɗi, wato f/2.8, abin da ya sa ganyayen baya suka narke. Ƙyallen kuma ba fari fat ba ne kamar yadda waya ta nuna mini, ruwan madara ne.

Na nemo bargo mai wannan launin. Na haɗa kyamara da kwamfutar hannu, na ɗora hoton lilon a kan abin da kyamara ke gani, na rage masa kauri ta yadda ake ganin biyun tare. Sannan na ɗauko 'yar tsanar da nake gwaji da ita na yi ta matsar da ƙafar kyamara, sama, ƙasa, gaba, baya, har bayan 'yar tsanar ya kwanta daidai lanƙwasar ƙyallen. Na auna tsayin da nisan na rubuta. Duk wani gwaji da za a iya yi a kan 'yar tsana, zalunci ne a yi shi a kan jariri.

A gidansu taga ba ta inda nake so, don haka na rufe labule na kafa fitila mai babbar rumfar farin ƙyalle. Da na ajiye ta mita ɗaya daga katifar, kan 'yar tsanar ya yi haske, ƙafafun suka yi duhu, alhali a lilon hasken ya bazu kusan daidai. Na ja ta baya zuwa mita biyu. Ƙa'idar ita ce in nisa ya ninka biyu, hasken da ke isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, amma bambancin da ke tsakanin kai da ƙafa yana raguwa. Na ƙara wa fitilar ƙarfi don cike giɓin. Kan yarinyar kuma dole ya kasance ta hagu, wajen fitila, domin haske ya gangaro daga goshi zuwa haɓa. In ya fito ta wajen ƙafa ya haska ƙofofin hanci, fuskar jariri takan yi wani irin ban tsoro.

Kwana biyar sun sauya ta. Rawayar ta tafi, cibiya ta faɗi, fatar wuyan hannu da idon sawu tana saɓa, ga 'yan fararen ƙuraje a kan hanci. Ta kuma fara sanin duniya, sai da muka yi minti arba'in tana bin fitila da ido kafin barci ya ɗauke ta. Na riga na cusa naɗaɗɗun tawul a ƙarƙashin bargo don su ba da lanƙwasa, amma mai sauƙi, ba irin zurfin na lilon ba. Kai ya fi ƙirji tudu, kuma na tabbatar yatsana yana shiga tsakanin haɓarta da ƙirjinta. Zurfin da ya rage bakin ƙyallen zai rufe shi a kwamfuta.

Babanta na sa ya zama mai riƙo. Na ce, "Ranka ya daɗe, hannunka ba zai bar jikinta ba ko da na ce ka matsa. In na ce matsa, ina nufin ka sa ɗaya hannun kafin ka ɗauke wannan." Da yake kyamara a kafe take, dabarar ita ce a ɗauki hoto biyu: ɗaya tafinsa yana kan kwankwasonta, fuska da kafaɗa a fili, ɗaya kuma ya tallafi bayan kanta, ƙasan jiki a fili. Daga baya a ɗauki rabin da babu hannu daga kowanne.

Ina kwance rub da ciki a ƙasa, na ɗauki na farko, sai wani ya rufe ƙofa a ɗaya ɗakin. Yarinyar ta watsa hannuwa biyu, yatsu a baje, bayanta ya banƙare, duk jikin ya mirgino gaba kamar tsawon ɗan yatsa, ya tsaya cikin tafin babanta. Ba ta ko farka ba, ta yi ajiyar zuciya ta koma. Shi kuwa ya ɗago ya dube ni, goshinsa ya tsatsafo da gumi, bai ce uffan ba.

Kafin ɗauka ta biyu na lura ƙafar da ke ƙasa ta fi ɗayar duhu. Tafin hannu da na ƙafar sabon jariri sukan yi shuɗi-shuɗi, wannan ba abin tsoro ba ne, amma in ƙafa ɗaya ta bambanta da 'yar uwarta, nauyi ne ya danne ta. Muka zare ta, na murza a hankali har launin ya dawo, sannan na ɗauka. Daga kwantar da ita zuwa mayar da ita hannun uwarta minti shida ne.

Haɗin

Da na ɗora sabon hoton a kan lilon, tun kafin in yanke komai ya zauna kamar don shi aka yi. Abin da ya saura aikin haƙuri ne, kamar awa biyu.

Ba na gogewa da abin share hoto, domin abin da aka share ya tafi. Ana sa wa leya mayafi ne, a shafa baƙi inda ake so ya ɓuya, fari inda ake so ya fito, in an yi kuskure a dawo da shi. Wurin da ya fi cin lokaci shi ne gashi, musamman lallausan gashin nan na kafaɗa da bayan kunne da jarirai ke zuwa da shi. In aka yanke shi ƙwal da kaifi, yaro yakan fito kamar an datso shi da almakashi daga jarida. Da yake bargon da ƙyallen launinsu ɗaya, ban ma bi gashin ɗaya-ɗaya ba, na bar ɗan bargo a kewaye ya narke cikin ƙyallen.

Leya uku ne ke sa jariri ya shiga cikin abu maimakon ya hau kansa. Lilon yana ƙasa, yarinyar a tsakiya, sannan na kwafo bakin ƙyallen na gaba na ɗora shi a kanta, ya rufe gwiwar hannu da ɓarin cinya. Sai inuwa, wadda ita ce ke ba jiki nauyi. Inuwar gaske da ta faɗi a kan bargon na ajiye ta, na sa ta a tsarin Multiply, wanda ke barin duhu ya ratsa abin da ke ƙasa ba tare da ya rufe zaren ƙyallen ba. Na ƙara wani siririn duhu daidai inda kumatu ya taɓa ƙyalle, da wani inda bakin ƙyallen ya hau kan hannu. Masu koyo sukan zana inuwa ɗaya mai faɗi su manta wannan siririyar, sai jariri ya yi ta shawagi.

Girma na auna shi da igiya da ganye, ina tuna cewa sabon jariri wajen santimita 50 yake in ya miƙe. Sai kaifi: hotona ya fi bakgirawun ɗin tsabta domin na rage girmansa, don haka na ɗan dusasar da yatsun ƙafa da suka fi nisa da inda idon kyamara ya tsaya, na watsa ɗan kore-kore mai rauni a ƙasan ƙyallen da gefen kai kamar hasken da ganye ke mayarwa, a ƙarshe na yayyafa ƙwayar hoto iri ɗaya a kan duka don su zama fata guda. A jikinta na cire saɓar fata da wani ɗan karce da ta yi wa kanta da farce. Tabon kumatu na bar shi. Dokar da nake bi ita ce abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu ana iya cire shi, abin da zai girma tare da yaro nasa ne.

Sun so a buga shi inci 20 a 16. Fayil ɗin lilon ɗigo 6000 ne a 4000, in aka datse shi ya dace da wannan siffar sai ya koma 5000 a 4000, wato ɗigo 250 a kowane inci. Abin da aka saba nema 300 ne, amma hoton bango ba a manna masa hanci, 250 ya wadatar. Da sun nemi ninkin wannan girman, da bakgirawun ɗin ne zai fara fashewa kafin yarinyar, abin da ya kamata a tambayi iyaye tun kafin a sayi fayil. Baban ya roƙi in ba shi lilon babu kowa a ciki, wai akwai mai son sa nasa ɗan. Na ce ba nawa ba ne. Lasisin da na saya ya ba ni damar sayar da hoton da na gama haɗawa, bai ba ni damar raba fayil ɗin ba.

Batun ƙarya

Ɗakin hoto bai taɓa zama wurin shaida ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe nasa a Bamako a 1948, da zanen gadonsa ya fara yin bango, yana kuma ara wa masu zuwa rediyo ko keke ko babur su tsaya a gefe kamar nasu. Ba wanda aka yaudara, domin labulen yana faɗin kansa, kowa ya ga labule ya san wasa ne. Bambancin na dijital shi ne gwargwadon ƙwarewar mai haɗi, gwargwadon ɓacewar alamar wasan. Duk wahalar da na sha a kan inuwa da gashi, ƙarshenta ita ce kada mai kallo ya gane. Wanda bai gane ba kuwa yana iya neman igiya, kamar yadda baban ya nema.

Akwai wani abu kuma da ya fi rataya yaɗuwa. Tun 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a kan kwantar da jariri rub da ciki, a 1994 aka fara gangamin kwantar da shi a rigingine, kuma shawarar da ake bayarwa yanzu ita ce barci a kan baya, a shimfiɗa mai tauri kuma shafaffiya, babu bargo mai laushi a kusa. Hoton lilon ya saɓa wa kowanne ɗaya daga cikin waɗannan. Minti shida ne ƙarƙashin idon manya uku, amma a bango yana kama da yadda ake kwantar da yaro.

Saboda haka na ba su hoto biyu don waya: na lilon, da na ainihi wanda ake ganin katifa, da tawul, da hannun baban. Na roƙi mai jegon in za ta sa a shafinta ta sa su tare. Ta ce to. Na lilon kaɗai ta sa, kuma ban ga laifinta sosai ba, wa zai so tawul a cikin hoton 'yarsa? Tun daga nan na koma rubuta ɗan layi siriri a cikin hoton kansa, can ƙasa, cewa haɗi ne kuma a ƙasa aka ɗauka, a duk kwafin da zai shiga waya. Wasu iyayen suna ƙorafin yana ɓata kyau, wasu suna datse shi.

Mako uku bayan haka wata mata ta kira ni, ta ce ita 'yar uwar mai jegon ce, haihuwa ko yau ko gobe. Ba ta da niyyar zuwa ɗakin hoto, ƙaninta yana da kyamara. Abin da take so in taimaka mata da shi kawai shi ne irin ƙyallen da na yi amfani da shi, da yadda na ƙulla shi bai kwance ba. Na ce ta ba ni minti ɗaya, na nemi izinin mai jegon, na tura mata hoton katifar.

Amsarta ta shigo nan take: "Au, Anti, ashe a ƙasa take?"